Yadda za ka taka wa manhaja birki kar ta cinye maka firosesa da RAM

Kwamfuta dai haka take, duk manhajar da ka kunna za ta ba ta iya abin da ta nema in dai akwai, ba ruwanta da cewa kai ma kana son yin wani aikin a gefe. Shi ya sa da ka saka bidiyo yana juyawa, ko kana haɗa kod, ko bakof ya tashi da kansa, sai ka ga maus ya fara tsalle, rubutu sai ka danna ka jira kafin ya fito, fanka kuma ta hau ihu. Maganin ba wai sai ka kashe aikin ba, za ka iya barinsa ya ci gaba amma ka gindaya masa sharaɗi.

Kafin ka taɓa komai ka rabe abu biyu, don a nan yawancin mutane suke ruɗewa. Akwai rage fifiko, akwai saka iyaka. Rage fifiko kamar ka ce wa mutum ya koma ƙarshen layi ne, duk wanda ya zo a fara sallamarsa, amma fa in babu kowa a layin shi kaɗai zai cinye komai. Iyaka kuwa ko kwamfutar tana zaune ba ta komai, manhajar ba za ta wuce abin da ka yanka mata ba. In damuwarka ita ce kwamfuta tana maƙalewa, fifiko kake buƙata, kuma aikin zai gama da wuri. In damuwarka zafi ne, ko batir, ko kuna raba saba ɗaya da wasu, toh iyaka ce. Ni a ganina mutum ya fara da fifiko tukuna, sai in bai yi ba ya ci gaba, saboda iyaka ko da yaushe tana ja maka lokaci. Yawancin bayanin na Linux ne don can kayan aikin suka fi cika, na Windows da Mac suna ƙasa.

Mataki na 1: gano wa ke cin me

Buɗe taminal ka rubuta `top`, ko `htop` in kana da shi, shi ya fi daɗin kallo. Abin da kake nema lambar aikin ce, wato PID, da kuma abin da yake ci. A `top` kashi 100 yana nufin ƙwaya ɗaya ta firosesa ce ta cika, ba duka kwamfutar ba, so kar ka tsorata in ka ga 400%, ƙwaya huɗu ke nan. `nproc` zai gaya maka guda nawa kake da su. Ka riƙe wannan lissafin don kusan duk umarnin da ke tafe da shi suke aiki.

Wajen memori ka kalli RES, shi ne abin da manhajar take riƙe da shi a RAM da gaske, VIRT kuwa yawanci alkawari ne kawai, wuri ne ta kama da suna ba ta zauna ba. Sannan ka duba `wa` a layin sama, in ya yi yawa toh ba firosesa ba ce matsalar, diski ake jira, kuma duk birkin da za ka taka wa firosesa aikin banza ne. `sudo iotop -o` zai nuna maka wanda ke wahalar da diskin.

Mataki na 2: duba ko manhajar tana da nata birkin

Wannan mutane suna tsallake shi alhali shi ya fi tsafta. `make -j2` zai haɗa kod da aiki biyu kacal a lokaci guda, `xz -T2` haka, `ffmpeg` yana da `-threads 2`, `rsync` yana da `--bwlimit`, Java kuma `-Xmx1g`. Manhajar da ta rage wa kanta ci ta san yadda za ta tsara aikinta, ba kamar wadda aka shaƙe ta daga waje ba. In akwai irin wannan ka gwada shi, wataƙila ma a nan zancen zai ƙare.

Mataki na 3: nice da ionice, wato rage fifiko

Kowane aiki a Linux yana da lambar nice, daga -20 zuwa 19, kowa yana farawa da 0. Iya girman lambar iya haƙurin aikin.

```
nice -n 19 ffmpeg -i babba.mkv karami.mp4
```

In kuma ya riga ya tashi:

```
renice -n 19 -p 4321
```

4321 misali ne, ka saka PID ɗinka. Abin da ke faruwa a ciki shi ne kanel, wato zuciyar Linux mai raba wa ayyuka firosesa da memori, yana ba kowace lamba nauyi, nice 0 nauyinsa 1024, nice 10 nauyinsa 110, nice 19 kuma 15 kacal. Kaga in aiki mai 0 da mai 19 suka haɗu a ƙwaya ɗaya kowa yana so, mai 19 bai kai kashi 2 cikin 100 zai samu ba, amma da ɗayan ya ɗan huta sai ya dawo ya kwashi duka. Shi ya sa za ka duba `top` ka ga har yanzu yana kan 100% ka ɗauka bai yi aiki ba. Ya yi, babu mai nema ne kawai. Kuma shi ya sa nice ba ya rage zafi ko kaɗan.

Abu biyu ka sani. Na farko, in ba root ba ne kai, wato mai cikakken iko a kwamfutar, ƙara lambar kawai za ka iya, in ka kai ta 19 ba za ka iya dawo da ita 0 ba sai da `sudo`. Na biyu shi ne wanda ke ba mutane ciwon kai: a Linux na zamani ana tara ayyuka rukuni-rukuni, kowane taminal ko kowace manhaja da nata, kanel kuma yana fara raba firosesa tsakanin rukunan ne kafin ya shiga cikin kowanne ya duba nice. Toh in aikinka mai nauyi yana taminal ɗaya, burauza tana wani rukunin, nice ɗin zai iya zama bai canja komai ba a tsakaninsu. In ka ga haka ka wuce mataki na 6 ka yi amfani da CPUWeight.

Na diski kuma:

```
ionice -c 3 rsync -a gida/ /mnt/bakof/
```

Aji na 3 yana nufin sai diski ya zama babu mai buƙatarsa. Sai dai ya danganta da mai tsara layin diskin, `cat /sys/block/sda/queue/scheduler` zai nuna maka, in bfq ne aka zaɓa lafiya lau, in none ne kamar yadda yawancin NVMe suke zuwa toh ionice ba abin da zai yi maka.

Mataki na 4: taskset, ka tsare shi a wasu ƙwayoyi

```
taskset -c 0,1 manhaja
taskset -acp 0,1 4321
```

Na farko sabon tashi, na biyu wanda yake gudana, kuma kar ka manta da `a` ɗin nan, in babu shi zare ɗaya kawai, wato layin aiki ɗaya a cikin manhajar, za ka kama sauran su ci gaba da yawonsu. Iyaka ce mai sauƙi, a kwamfuta mai ƙwaya takwas ka ba shi biyu ka san shida sun tsira. Ka dai leƙa `lscpu -e` tukuna, don a firosesa mai zare biyu-biyu lambobi biyu za su iya zama ƙwaya ɗaya ce a zahiri.

Mataki na 5: cpulimit

Shi ne wanda aka fi ba mutane shawara a kai saboda sauƙinsa, sai ka girka shi don ba ya zuwa da tsarin.

```
cpulimit -l 50 -p 4321
```

Zai riƙe aikin a wajen rabin ƙwaya ɗaya. Dabararsa ita ce yana aika wa aikin SIGSTOP ya daskare, ya aika SIGCONT ya farka, haka yake ta yi da sauri ta yadda in an yi lissafi sai ya fito 50. Yana aiki, amma gaskiya ni ba na son shi sai dole. Lambar ba ta tsayawa cak, hawa da sauka take. In manhajar ta haifi wasu ayyuka a ƙarƙashinta ba ya binsu sai ka ce masa, kuma iri biyu ne ke yawo da suna ɗaya, wani `-i` yake karɓa wani `-m`, sai ka duba `man cpulimit` ka ga naka. Manhajar sauti ko kiran bidiyo kuwa kar ma ka fara, yankewa za ta dinga yi. Sannan in aka kashe cpulimit da ƙarfi daidai lokacin da ya daskarar da aikin, haka aikin zai tsaya kamar ya mutu alhali yana nan, a `top` za ka ga harafin T a gefensa. `kill -CONT 4321` zai tashe shi.

Mataki na 6: cgroups ta hanyar systemd, nan ne ainihin maganin

cgroups hanya ce ta tara ayyuka rukuni guda a saka musu iyaka. Injiniyoyin Google ne suka fara wannan aikin a 2006, ya shiga kanel 2.6.24 a farkon 2008, sai siga ta biyu ta tabbata a kanel 4.5 a 2016. Shi ne Docker da Kubernetes suke hawa kai. Bambancinsa da cpulimit shi ne kanel da kansa yake tsare iyakar, kuma rukuni guda yake kamawa, manhajar da 'ya'yanta da jikokinta, ba wanda zai zille.

Fara da duba wace siga kake da ita:

```
stat -fc %T /sys/fs/cgroup/
```

In ya ce cgroup2fs shikenan. Fedora tun 31, Debian tun 11, Ubuntu tun 21.10 duk da ita suke zuwa. Ba sai ka shiga rubuta fayiloli da hannu ba, systemd, mai kula da tashi da gudanar da ayyuka a Linux, zai yi maka:

```
systemd-run --user --scope -p CPUQuota=50% manhaja
```

50% rabin ƙwaya ɗaya ne, 200% ƙwaya biyu. In ka ga bai kama ba, mai yiwuwa ba a sakar wa asusunka ikon firosesa ba, a tsofaffin sigogin systemd memori da yawan ayyuka kawai ake sakar wa mai amfani, sai ka cire `--user` ka yi da sudo:

```
sudo systemd-run --scope --uid=$(id -u) -p CPUQuota=50% manhaja
```

Bari in ɗan tsaya kan yadda iyakar take aiki don akwai tarko a ciki. Kanel yana yanka lokaci zango-zango, kowane zango milisakan 100. CPUQuota=50% yana nufin a kowane zango rukunin yana da milisakan 50 na firosesa, da ya cinye sai a tsayar da shi har sabon zango ya shigo, in ka buɗe fayil ɗin cpu.max na rukunin za ka ga an rubuta `50000 100000`. Toh ka ɗauka manhajar tana da zare takwas duk suna gudu tare a ƙwaya takwas, cikin milisakan 6 da ɗoriya sun cinye hamsin ɗin, sai su zauna shiru sama da milisakan 90, sannan su sake zabura. Ga aikin juya bidiyo ba komai, wa ya damu. Amma ga saba mai amsa wa mutane, ko manhajar da kake dannawa da hannu, wannan tsayawar ana jinta sosai, ga `top` yana nuna maka 50% kamar komai lafiya. Gyaran shi ne ka rage mata yawan zare daga cikin saitinta, ko ka haɗa da taskset, ko ka gajarta zangon da `-p CPUQuotaPeriodSec=10ms`. In kana son sanin ko ana yawan tsayar da ita ka karanta cpu.stat a foldar rukunin, nr_throttled shi ne sau nawa, throttled_usec kuma tsawon lokacin.

In fifiko kake so ba iyaka ba, ga wanda ya fi nice riƙo:

```
systemd-run --user --scope -p CPUWeight=20 manhaja
```

Kowa yana kan 100, ana iya sakawa daga 1 zuwa 10000. Mai 20 in ya haɗu da ɗan'uwansa mai 100 kashi ɗaya cikin shida zai samu, in babu kowa ya sha shagalinsa.

Ga sabis da ke gudana a bayan fage kuma, misali wani mai suna bakof.service:

```
sudo systemctl set-property bakof.service CPUQuota=30% IOWeight=10
```

Nan take yake kamawa ba sai ka sake kunna shi ba, kuma yana zama har bayan ributin. In gwaji kake ka ƙara `--runtime`, in kana son goge komai `sudo systemctl revert bakof.service`. Manhajar da ka riga ka buɗe daga tebur ma ana iya kama ta, GNOME da KDE suna ba kowacce nata rukunin, `cat /proc/4321/cgroup` zai nuna maka sunan da ya ƙare da .scope ko .service, ka ɗauke shi ka ba `systemctl --user set-property --runtime`. Ka dai karanta sunan da kyau, in daga taminal ka kunna ta toh rukunin na taminal ɗin ne, duk abin da ke ciki zai sha birkin tare.

Mataki na 7: memori, a nan sai a hankali

Firosesa in ka rage wa manhaja, jinkiri kawai za ta yi. RAM ba haka ba ne, abin da ta riƙe ta riƙe, in ta nemi ƙari aka ce babu toh kashe ta ake yi, da duk aikin da ba ka adana ba. Shi ya sa iyakar kala biyu ce.

```
systemd-run --user --scope -p MemoryHigh=1500M -p MemoryMax=2G manhaja
```

MemoryHigh gargaɗi ne, in ta wuce shi kanel zai fara matsa mata, yana ƙwace abin da zai iya ƙwacewa, yana tura wasu swap, wato wurin da aka ware a diski don abin da RAM ba ta ɗauka ba, yana rage mata gudu, amma ba zai kashe ta ba. MemoryMax kuwa bango ne, in ta kai nan kuma an rasa abin ƙwacewa sai OOM killer, mai kashe manhaja in memori ya ƙare, ya sauka a kanta. Kar ka saka Max shi kaɗai, ka bar tazara tsakaninsu. Kuma kar ka ƙirƙiro lamba daga kanka, ka fara barin manhajar ta yi aikinta yadda ta saba kana kallon `systemd-cgtop`, ka ga inda take kaiwa, sannan ka ɗora High a saman wannan kaɗan. Lissafin rukuni yana haɗawa da ajiyar fayilolin da ta karanta, so in ka ga lambar ta fi RES girma ba wani abu ba ne, wannan ɓangaren shi ake fara saki.

Wani lokacin kashewar ce ma kake so, kamar manhajar da ke zubar da memori tana kumbura har ta daskarar da kwamfuta gaba ɗaya. A nan ka ƙara `-p MemorySwapMax=0` don kar ta koma tana niƙa diski, gara ta mutu da wuri. In abu ya mutu ba sallama ka ga lambar fita 137, wato 128 da 9, SIGKILL ne ya same shi, `journalctl -k | grep -i oom` zai tabbatar maka ko memori ne sanadi.

Za ka ci karo da masu cewa ka yi `ulimit -v`. Wannan VIRT yake ƙirgawa ba RES ba, su Chrome da Java kuma suna kama wuri mai yawa da suna tun daga tashi, sai ka ga sun ƙi buɗewa alhali ba su ci komai ba. `ulimit -m` kuwa kanel na yanzu ba ya ma kula shi. Inda ulimit yake da amfani shi ne `-n` na yawan fayilolin da za a buɗe da `-u` na yawan ayyuka, shi ma `-p TasksMax=200` ya fi shi tsafta wajen tare manhajar da ke ta haihuwa ba tsayawa. Na gudun diski kuma akwai `-p "IOWriteBandwidthMax=/dev/sda 20M"`, yawanci sai da sudo.

Gwada kafin ka dogara da shi. `yes` yana cinye ƙwaya guda cur:

```
systemd-run --user --scope -p CPUQuota=25% yes > /dev/null
```

Buɗe `top` a wani taminal, in ka ga yes yana wajen 25 ya kama, in yana 100 koma kan maganar sudo. Ctrl+C zai tsayar da shi.

Masu Docker abu ɗaya ne da wasu sunaye: `docker run --cpus=1.5 --memory=512m --memory-swap=512m --pids-limit=200`. In ba ka saka `--memory-swap` ba zai ba kwantenar ƙarin swap daidai girman memorin, `docker update` kuma yana canja wa wadda take gudana.

Windows

Ctrl+Shift+Esc zai buɗe Task Manager. A nan kashi 100 duka kwamfutar ce, so manhaja mai zare ɗaya da ta cika ƙwayarta a na'ura mai takwas wajen 12 ko 13 kawai za ka gani, kar ya yaudare ka. Shiga Details, danna dama a kan manhajar, Set priority ka zaɓi Below normal ko Low, shi ne nice ɗinsu. Set affinity kuma shi ne taskset, ka cire alamar ƙwayoyin da ba ka so ta taɓa. Realtime dan Allah ka bar shi inda ka gan shi, zai iya hana maus da kibod ma samun numfashi. Windows 11 daga 22H2 yana da Efficiency mode a shafin Processes, yana rage fifiko ya kuma sa aikin ya bi hanyar da ba ta cin wuta, ga laftof ya fi komai sauƙi.

Matsalar ita ce da ka rufe manhajar duk saitin ya tafi. Sai ka rubuta wannan a fayil ɗin .bat ka dinga kunna ta da shi:

```
start "" /low /affinity 3 "C:\hanya\manhaja.exe"
```

Waɗancan alamomin zance biyu da babu komai ciki dole ne, in ka cire su start zai ɗauki hanyar fayil ɗin a matsayin sunan taga. Lambar affinity kuma ba yawan ƙwayoyi ba ce, heks ce, wato lissafi mai tushe 16, tana nuna waɗanne ƙwayoyi ne, 3 yana nufin biyun farko, F huɗun farko, FF takwas. Iyakar kaso irin CPUQuota tana nan a cikin Windows tun Windows 8 ta hanyar Job Objects, amma babu maɓallinta a Task Manager, mutane suna komawa ga irin su BES ko Process Lasso, BES ɗin dabarar daskarewa da farkawa yake yi irin ta cpulimit da irin matsalolinta.

In zafi ne kawai damuwarka, je Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, Processor power management, ka mayar da Maximum processor state 99. A kwamfutoci da yawa wannan kashi ɗayan yana hana firosesa shiga turbo, fanka ta lafa sosai, sai dai duka manhajoji yake shafa kuma wasu sabbin laftof sun ɓoye zaɓin. Masu WSL2 kuma, wato Linux a cikin Windows, rabin RAM ɗinka yake iya ɗauka in ba ka hana shi ba, ƙirƙiri fayil mai suna .wslconfig a foldar asusunka:

```
[wsl2]
memory=4GB
processors=2
```

Sai ka yi `wsl --shutdown` ka sake buɗewa.

Mac

nice da renice suna nan amma cgroups babu. Wanda ya fi tasiri shi ne `taskpolicy -b -p 4321`, yana mayar da aikin na bayan fage, fifikon firosesa da na diski duk su sauka, a na'urori masu guntun Apple kuma yana tura shi kan ƙananan ƙwayoyin da ba sa cin wuta, zai yi jinkiri sosai amma batir zai huta. `taskpolicy -B -p 4321` zai dawo da shi yadda yake.